Saura Taƙi Ɗaya Hannun Baba Ya Kai

Tudun Wada,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Ghali, a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, wadda ta taru ta yi nauyi don an daɗe ba a sauke ta ido da ido ba. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mubaraka da 'yata Hamdiyya, wadda har yau muryar gwaggonta kawai ta sani. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku a baƙon wuri, amin. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, an karya masara, shinkafar fadama ta sunkuyar da kai, rake ma ya fara fita kasuwa. Baban Ramla yana lafiya. Ramla ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, kuma kullum sai ta tambaye ni wai shin kawun nan nata na Fatakwal yana da fuska kuwa, ko a cikin waya yake kwana. Inna tana nan a garinmu Yako da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta daka ba, bai kuma hana ta ajiye maka daddawa da kuka duk shekara ba, sai sun gaji da jiranka mu raba mu cinye.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, ka ce Yaya Baturiya ta koma gidan jiya. Dalili shi ne na yi wa Baba alkawarin ba zan kira ka a kan wannan magana ba, kuma za ka ji yadda aka yi a gaba. Uba direba, mai kai masara can wajenku, ya ce zai damƙa maka ita hannu da hannu. Don Allah kada ka karanta ta a tsaye a bakin rumfa kana auna wa mutane albasa, ka bari sai ka koma gida ka zauna. Tun kafin gabanka ya faɗi, Baba yana nan da ransa, yana cin tuwonsa, yana faɗansa kamar kullum. Hannunsa na dama ne ya samu rauni, kuma tun cikin marka ake ɓoye maka.

Ga yadda abin ya faru. Daga wata ruga a bayan Doguwa aka zo aka ɗauke shi, wai sa ya take wani makiyayi ya karya masa ƙafa. Ka san Baba da kiran ɗori, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya sai ya je. Ya je ya ɗora, aka ba shi nono ya sha, suka kamo hanyar gida shi da ɗan acaɓa. A wani gangaren rafi babur ya zame a laka. Baba ya kai hannu ya cafko reshen bishiya, hannun ya maƙale a tsakanin rassa, jikin kuma ya tafi ƙasa da duk nauyinsa. Da aka ciro shi sai hannun ya ƙi saukowa. Ya tsaya a sama, damtse ya manne da kunne, tafin hannun a kan kai, kamar mace ta dafe tulu kada ya faɗi. Ko ɗan motsa shi aka yi sai gumi ya keto masa. A haka aka kawo shi gida, ya sa aka shigar da shi ta ƙofar baya.

Ko da yake ci-raninka ya zama ci-shekaru, na san ba ka manta dokar gidanmu ba: ƙashin maɗori ba mai taɓa shi sai magajinsa. Haka aka yi da Kaka lokacin da katanga ta faɗo masa. Baba ne ya ɗora shi yana saurayi, kuma ranar da Kaka ya taka ƙafar, da kansa ya miƙa hannu ya sauko da burgamin ɗori, jakar fatar nan ta kayan aiki, daga maratayinsa na zaure ya ba Baba. Ka kuma san ɗaya rabin dokar, cewa magaji ba a kiransa, shi ke kawo kansa, wai jakar da aka roƙi mutum ya karɓa ba ta yin albarka. To, a kan waɗannan biyun Baba ya kafe. Baffa Wada, wanda ya tsufa yana riƙe masa masu karaya, ya ce bari ya taka hammatar ya ja kamar yadda suka saba, Baba ya ce kul. Aka ce a kira wani maɗori daga wajen Kiru, ya ce sai dai bayan ransa. Aka ambaci asibiti, ya ce a ji an kai maɗorin Yako asibiti a kan ƙashi, wa zai sake kawo masa nasa? Wanzami dai ba ya son jarfa. Aka ce to a gaya maka, nan ne ya fi ɗaga murya, ya ce duk wanda ya kira ka bai yafe ba.

Sai suka ɓoye shi a ƙuryar ɗakin Inna. Baffa Wada ya ɗaura igiya a azara aka rataye hannun don ya samu ya ɗan jingina, duk wanda ya zo neman ɗori kuma Inna ta ce masa Malam ya tafi Tudun Wada ganin 'yarsa. Ni ɗin ke nan, ina nan zaune ban san an yi da ni ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman ƙaryar Inna da ba ta iya ba. Surukar maƙwabciyata Luba ta zame a bakin rijiya ta karya tsintsiyar hannu, Luba ta kwashe ta har Yako, aka ce mata ai yana gidan 'yarsa. Sai ga ta ta dawo ta yi mini sallama, tana cewa ashe maganin na bayan katangarta ta tafi nema nesa, in fito mata da Baba. Ghali, ban san sa'ad da na ɗauki mayafi ba. Ko tukunyar da ke kan wuta ban sauke ba.

Abin da na tarar ba zan manta shi ba. Kusan mako yana rataye a wannan igiya, ya rame, idanu sun faɗa, hammata ta kumbura ta yi baƙi. Yatsun na taɓa na ji su da sanyi, na mintsini kan kafaɗar ya ce bai ji komai ba. Ka san ni da baki, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar, Allah ya yafe mini. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa da Inna da Baffa Wada na wanke su tas, shi kuwa yana kallon ƙofa kawai. Sai a lokacin na gane abin da yake yi. Jiranka yake. Ya saka a ransa cewa wannan faɗuwar ce Allah ya ƙaddara ta dawo da kai, cewa jikinka zai ba ka ko ba a gaya maka ba. Da na ga faɗa ba zai yi ba, sai na durƙusa na ce, “Baba, in hannun nan ya mutu, da me za ka miƙa masa jakar?” Nan ne ya ce a nemo mota. Amma sai da ya sa na yi alkawarin ba zan kira ka ba.

Tafiyar ma da abin dariya, in da da bakin yin ta a lokacin. Ƙaramar mota ta ƙi ɗaukarsa, don hannun ba ya shiga, sai a-kori-kura Baban Ramla ya samo muka shimfiɗa katifa a baya, muka jingina shi da buhu. Muna tafe hannu a sama, duk wanda ya san shi a hanya sai ya zaci gaishe shi yake, shi ma ya ɗaga nasa. A Kwanar Ɗangora kuwa har da masu biyo mu suna Allah ya kiyaye hanya, Malam, mun gode. Mutumin da aka ɓoye don kada a sani, ga shi ya gaida rabin ƙasar Kiru da Bebeji a yini ɗaya. Yanzu in na tuna masa sai ya harare ni, amma gemunsa na motsi.

A asibitin ƙashi na Kano aka ɗauki hoto iri-iri. Likitan, wani siririn mutum mai sanyin magana, da ya ji sana'ar Baba sai ya jawo kujera ya zauna ya nuna masa komai. Ya ce kan ƙashin damtse in zai goce daga gurbinsa yawanci gaba yake yi, irin wanda Baba ya saba mayarwa. Nasa kuwa ƙasa ya zurma, ya shige hammata ya kulle, shi ya sa hannun ya tsaya a sama. Wai irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, akwai likitan da zai gama aikinsa bai taɓa cin karo da shi ba. Bayan haka, wajen fitar wani ɓangare na kan ƙashin ya ɓalle, daidai inda naman da ke ɗaga hannu yake kamawa, kuma ƙashin ya danne jijiyar da ke kai ji zuwa kafaɗa. Ya ce da an taka an ja da ƙarfi, da ɓallin ya dagargaje, ƙila jijiyar ma ta tsinke, amma kwanakin da aka yi a ɗaki su ma sun yi ɓarnarsu. Ka ga dokar tamu ta yi rana ta wani gefen, ta wani gefen kuma ta cuce shi. Baba ya sha ganin hoton ƙasusuwan mutane, amma bai taɓa ganin nasa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce sau ɗaya ya ga irin wannan hannu a zamanin Kaka, kuma mai shi da shanyayyen hannu ya mutu. Daga nan bai ƙara gardama ba.

Allurar barci suka yi masa. Wai sai da suka fara juya kan ƙashin ya dawo ta gaba, sannan suka mayar da shi gurbinsa, suka tsaga suka kama ɓallin da ƙusoshin ƙarfe. Da aka fito da shi hannun na kwance a ƙirjinsa cikin rataya, Inna ta fashe da kuka, don ta manta yadda mijinta yake da hannu a ƙasa. Shi kuwa da ya farfaɗo, ya ji labarin ƙusoshi, sai ya ce ashe aikin kafinta aka yi masa. Ka tuna ranar Juma'ar da ka kira ka ji hayaniya, aka ce maka yana kasuwar Tudun Wada? A gadon asibiti yake, ni ce na riƙe masa wayar a kunne. Juma'ar da ta gabace ta kuwa yana rataye a igiyar Baffa Wada ya amsa maka da hannun hagu, ya ce lafiya lau, ya tambaye ka yaya albasa. Inna ta ce da ka kashe, ya daɗe riƙe da wayar bai ajiye ba.

Yanzu yana gida. Abin da ya ji tsoro bai faru ba, mutane ba su guje shi ba. Dubiya aka yi ta zuwa, har makiyayin nan na Doguwa ya zo a kan ƙafar da aka ɗora masa, da ƙwaryar man shanu. Masu karaya ma suna zuwa, sai dai ya laluba da hagu ya girgiza kai, ya ce hannun hagu ba ya gani, ya tura su asibiti. Jin kafaɗar ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, yatsu sun yi ɗumi, ƙashin kuma an ce ya haɗe. Da aka cire rataya, wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi ta koya masa motsa hannun: ya sunkuya ya bar shi yana lilo kamar guga a rijiya, sannan ya tsaya gaban bango ya riƙa hawa da yatsu a hankali, iya inda zai iya. Duk bangon da ke gidan, ka san wanda ya zaɓa? Na zaure, daidai ƙarƙashin burgamin. Ya hana kowa sauko da shi tun ranar da ya faɗi. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya shafa man shanu a hannun ya tsaya ya hau, har maiƙon yatsunsa ya yi layi a jikin bangon, kana iya ganin inda ya kai jiya da inda ya kai yau.

To, a nan gizo ke saƙar. Layin ya daina hawa. Makonni ke nan yatsun suna tsayawa wuri ɗaya, taƙi guda a ƙasan jakar. Da muka koma Kano ma'aikaciyar ta ce iyakar abin da zai iya yi da kansa ke nan. Sauran sai wani ya riƙe gwiwar hannun ya ɗaga masa, ya juya a hankali, safe da yamma, mai ƙarfi kuma mai haƙuri. Ta ce in aka bari sanyin bana ya wuce ba a yi ba, kafaɗar za ta sandare a inda take, kuma shi ke nan. Ita yana barinta ta taɓa, wai ita ba 'yar gida ba ce, dokar ba ta hau kanta ba, amma wa zai iya Kano kullum daga Yako? A gida kuwa ba Baffa Wada, ba Baban Ramla, ba kowa. Ni ma na gwada. Na koyi yadda ake yi sarai, na kai hannu, sai ya janye kafaɗar a hankali, ya ce Allah ya yi mini albarka, na yi masa abin da ɗa namiji bai yi ba, amma wannan ba nawa ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Ni na ɗauke shi daga igiya, ni na kwana a ƙasan gadonsa, amma ga abu ɗaya da ba zan iya ba shi ba. Na fita bayan zaure na share hawayena, a daidai wurin da kai ma ka taɓa tsugunawa.

Ai ban manta ba. Ranar da aka kawo mutumin nan da ƙashi ya huda fata, aka sa ka riƙe, ka saki ka fita da gudu ka yi ta amai, Baba kuma bai ce maka uffan ba, shirun nan ya fi maka duka ciwo. Damina ɗaya ka ƙara a gida ka ce za ka ci-rani. Kai a ganinka ya fid da rai da kai tun ranar. To bari in gaya maka abin da na ji da kunnena. A asibiti likita ya tambaye shi ko yana da mai gadonsa, sai ya ce yana da ɗa a Kudu wanda ya fi shi hannu. Ya ba shi labarin 'yar akuyar Inna da ka ɗora da karan dawa da tsumma kana ɗan ƙarami, ta warke ko ɗingishi ba ta yi. Ya ce wanda kukan mutum ba ya damunsa bai kamata a ba shi ƙashin mutum ba, kuma shi ma ya yi amai a ɗorinsa na farko, Kaka ne kawai ya rufa masa asiri. Na ce masa to me ya hana shi gaya maka tuntuni, sai ya ce uba ba ya yabon ɗa a gabansa. Ka ji irin mutanen da Allah ya haɗa ni da su, kai da shi, tuwo ɗaya miya ɗaya.

Ni ma fa ina kewarka, ba Baba kaɗai ba. In na je Yako na bi ta gindin tsamiyar nan, sai in tuna mu biyu muna yanko karan ɗori, kai kana zaɓa kana yarwa wai wannan bai miƙe ba, ni ina ɗauke da damin a ka ina zaginka. Ina tuna yadda kake satar man shanun Baba kana sa wa ɗumame, ni a doke ni. Duk Sallah Inna sai ta zuba tuwo a kwano uku ta tuna ba ka nan ta mayar da naka. An ce zumunta a ƙafa take, ƙafarka kuwa ta yi nauyi, ƙanena. Ba mu raina abin da kake aikowa ba, Allah ya saka da alheri, amma wannan karon kada ka aiko komai ka ce ka fita, don ba shi ne ya rage ba. Ba kuma cewa nake ka bar kasuwarka ka zauna ɗori ba. In ka karɓi jakar ka ga ba za ka iya ba, ka mayar ka rataye, wannan tsakaninku ne da shi. Hannun nake ji, da kuma tsohon da ke tsaye gaban bango. Ranar da na kwana can na leƙa zaure da safe, na gan shi ya hau har inda yake tsayawa, ya dage, ya kasa. Bai sauke ba, ya bar yatsun a wurin, ya juya kai yana kallon ƙofar zaure.

Ka shaida ban kira ka ba, kuma ban ce ka zo ba. Labarin gida na ba ka, kamar yadda ya kamata yaya ta ba ƙanenta, abin da za ka yi da shi kuwa naka ne. In Allah ya kawo ka, ka yi sallama kamar wanda kewar gida ta koro, ba kuwa ƙarya ka yi ba. Uba direba yana juyowa da zarar ya sauke kaya, kuma ya ce gaban motarsa ba kowa.

Ka gaida Mubaraka da kyau, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri da kai. Ka shafa mini kan Hamdiyya, ka gaya mata tana da kaka mai ƙusa a kafaɗa wanda bai taɓa ɗaukarta ba. Baban Ramla yana gaishe ka, haka Ramla da Luba. Inna da Baffa Wada ba su san da takardar nan ba, amma na san da sun sani da gaisuwarsu ta cika ta, don haka na isar musu. Allah ya ba Baba lafiya, ya ja kwanan iyayenmu, ya sada mu da alheri.

Kafin ka naɗe takardar, juya bayanta. Za ka ga layi ɗaya da na ja da biro. Da Baba ya shiga ciki na auna tsakanin maiƙon yatsunsa da gindin burgamin da zare, na kawo na shimfiɗa a nan na bi. Ɗora hannunka a kai ka gani, Ghali. Iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Ka huta lafiya.

Ni ce yayarka mai begen ganinka,
Baturiya.